Dokar gasar kasuwanci: ta cancanci ɗalibin shari'a ya yi bincikensa a kanta?

Hauwa'u: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawarar manya nake nema. Bana zan shiga aji biyar a tsangayar shari'a, an ce kowa ya zo da batun binciken kammala digirinsa idan an dawo hutu. Zuciyata ta karkata ga dokar gasar kasuwanci, wadda ke hana kamfani yin babakere, take kuma hana 'yan kasuwa haɗa baki a kan farashi. Ƙawayena duk sun ce in bari, wai ba a cin abinci da ita a Arewa, gara dokar filaye ko rabon gado. Don Allah wanda ya san fannin ya faɗa min gaskiya, me ake karantawa a ciki, kuma akwai aiki bayan an gama?

Sadiƙ: Wa alaikumus salam. Ni ina bayan ƙawayenki. Kamfani uku ne kacal suke riƙe da kusan duk simintin ƙasar nan, Dangote da BUA da Lafarge, kullum buhu sai hawa yake, hukuma tana kallo. Dokar da ta kasa taɓa wannan, me za ki tsinta a cikinta?

Barista Rabi'u: Ƙanwata Hauwa'u, Allah ya yi wa karatu albarka. Bari in fara da maganar Sadiƙ, domin ita ce darasin farko da za a koya miki, kuma ita ce ta fi wuyar shiga kai. A wannan dokar girma ba laifi ba ne. Tsadar kaya ma ita kaɗai ba laifi ba ce. Kamfani zai iya mallakar fiye da rabin kasuwa ya kwana lafiya, muddin da ingancin kayansa da sauƙin kuɗinsa ya kai wurin. Abin da doka take bi shi ne hali: shin ya yi amfani da ƙarfinsa ya toshe wa wasu hanyar shiga? Ya tilasta wa dillalai kada su sayar da kayan kowa sai nasa? Ya karya farashi ƙasa da kuɗin da ya kashe don ya kashe ƙananan abokan hamayya, in sun mutu ya ninka? Ko kuwa ya zauna da abokan gasarsa sun yanke farashi ɗaya, sun raba yankuna?

Dokarmu sabuwa ce. Tana ɗauke da shekarar 2018, amma a farkon 2019 marigayi Shugaba Buhari ya sa mata hannu. Ita ta kafa hukumar gasa da kare masu saye ta tarayya, wato FCCPC, a madadin tsohuwar hukumar kare haƙƙin masu saye, ta kuma kafa kotu ta musamman mai sauraron ƙararrakin gasa. Kafin nan, in kamfanoni biyu za su haɗe, hukumar kasuwar hannun jari ce take dubawa, haɗa baki kuwa ba mu da cikakkiyar doka a kansa. Ki buɗe sashe na 59 ki ga yarjejeniyoyin da aka haramta, na 72 ki ga danniyar mai ƙarfi a kasuwa, daga na 92 zuwa gaba haɗewar kamfanoni, na 107 zuwa 109 kuma yanke farashi da haɗin baki da maguɗin neman kwangila. Tarar kamfani tana iya kaiwa kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na shekarar da ta gabata, ciniki fa, ba riba ba.

Sadiƙ: Barista, a takarda kenan.

Barista Rabi'u: Ba a takarda kaɗai ba. A Disambar 2023 kamfanin taba na BAT ya amince zai biya dala miliyan 110 bayan binciken hukumar. A Yulin 2024 ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kotun gasa ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025. Duk irin wannan shari'a lauyoyi take ci gefe da gefe, kuma waɗanda suka iya fannin yawanci a Legas da Abuja suke.

Sadiƙ: To ka gani? Baƙi ake kamawa. Ina na gida?

Dakta Zainab: Sadiƙ, ƙorafinka yana da tushe, sai dai ka nufi ƙofar da ba ita ba. Ni tattalin arziki nake koyarwa, kuma ina faɗa wa ɗalibaina cewa yawancin babakeren ƙasar nan gwamnati ce ta gina shi da hannunta. Tun 2002 aka fito da tsarin cewa ba a ba ka lasisin shigo da siminti sai ka zuba jari a masana'anta a cikin gida. Tsarin ya yi amfani, mun tashi daga masu shigo da siminti mun koma masu yin abinmu. Amma ya rufe ƙofa, wanda ba shi da kuɗin gina masana'anta ba zai leƙo ba, siminti daga waje kuma ba zai zo ya ja farashi ƙasa ba. In kasuwa ta rage hannun mutum uku, ba sai sun yi taro ba. Kowa yana ganin farashin ɗan'uwansa da safe, ya bi. Doka ba ta hukunta bin sawu, sai an kawo hujjar cewa an yi yarjejeniya.

Abin da ya fi damuna shi ne na Fabrairun 2024, lokacin da ministan ayyuka ya tara kamfanonin nan uku aka fito da sanarwar cewa buhu zai tsaya tsakanin naira 7,000 zuwa 8,000. Mutane sun yi murna, na kuma fahimci dalilinsu, domin a lokacin buhu ya wuce haka. Amma ki duba da idon mai karatun gasa, Hauwa'u: an tara abokan hamayya a ɗaki ɗaya ana maganar farashi. Ko da niyya mai kyau ce, irin zaman da dokar ta fi tsoro kenan. Wannan kaɗai ya isa babi guda a bincikenki.

Hauwa'u: Na gode Dakta. Abin da nake tsoro shi ne lissafi. Tun sakandare rabona da shi. Zan iya kuwa?

Dakta Zainab: Za ki iya. Lissafin bai kai tunanin wahala ba. Tambayar farko a kowace shari'a ita ce, wace kasuwa ake magana? Ɗauki shinkafa. In duk masu shinkafa 'yar gida suka ƙara kashi 5 ko 10 cikin 100 suka tsaya a kai, mutane za su koma 'yar waje ko taliya da yawan da ƙarin zai zame musu asara? In za su koma, to kasuwar ta fi 'yar gida faɗi, sai ki sa waɗancan a ciki. In ba za su koma ba, 'yar gida kasuwa ce mai zaman kanta. Lauyan kamfani kullum yana so a faɗaɗa kasuwar don kason mai gidansa ya zama ƙarami, lauyan hukuma yana so a tsuke ta. Shari'u da yawa a nan ake cin su ko a faɗi.

Daga nan sai auna cunkoson kasuwa. Ki ninka kason kowane kamfani da kansa ki tara. Kamfani huɗu masu kashi 25 kowanne za su ba ki 2,500, kamfani ɗaya tilo 10,000. Iyakarta kenan a matakin digirin farko. Shawarata ki roƙi izini ki riƙa zama a ajin tattalin arziki na 'yan aji ɗaya, zango guda ya ishe ki.

Alhaji Ɗanjuma: Salamu alaikum. Ɗana ne ya sa ni a zauren nan, yawanci karantawa kawai nake yi, amma yau sai na yi magana. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau. Duk lokacin da abinci ya yi tsada mu ake fara zagi, a ce mun ɓoye kaya. A farkon 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta Kano ta zo ta rufe rumbuna a kasuwarmu, aka yi ta yaɗawa a rediyo. To ina tambayar masu ilimi: in ban sayi masara da kaka na ajiye ba, wa zai sayar muku da ita da bazara? Manomi yana buƙatar kuɗinsa ranar da ya girbe. Ni na biya shi, na biya mota, na biya 'yan dako, na sayi maganin ƙwari, na ɗauki kasadar faɗuwar farashi. Shekarar da ya faɗi babu wanda ya zo ya yi min jaje. 'Yata Hauwa'u, in dokar nan za ki karanta don a zo a ƙara matsa mana, ni ban ga alherinta ba.

Hauwa'u: Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi ba nufina kenan ba, kuma tambayar da ka yi ni ma ita nake son sanin amsarta.

Barista Rabi'u: Ranka ya daɗe Alhaji, a kan ajiya gaskiya tana wajenka, kuma duk wanda ya karanta fannin da kyau zai tsaya maka. Saye da kaka a sayar da bazara hidima ce ga jama'a. Inda doka take shigowa shi ne in ƙungiya ta zauna ta ce yau kowa buhu kaza zai sayar, wanda ya sauko a ci shi tara. Ko ta ce baƙo ba zai sauke kaya a kasuwa ba sai ta hannun ɗan ƙungiya. Ko a hana manomi sayar wa mai saye kai tsaye. Wannan haɗa baki ne, ko manyan kamfanoni suka yi ko masu tebur. A tsakiyar 2023 ƙungiyar masu POS reshen Legas ta fitar da jadawalin kuɗin da kowa zai riƙa caja, hukumar FCCPC ta fito ta gargaɗe su cewa hakan ya saɓa doka. Kowane mai POS yana da 'yancin ƙara kuɗinsa, abin da aka hana shi ne su yanke tare.

Alhaji Ɗanjuma: Barista, ƙungiya ita ce take sasanta rigima, ita take bin bashi, ita take korar mai algus da mai tauye mudu. In babu ita kasuwa ba za ta zaunu ba. Kuma in ba a tsayar da farashi ba, mai kuɗi zai zo ya karya shi wata biyu, ƙananan su gudu, ya zauna shi kaɗai. Mun ga an yi.

Dakta Zainab: Alhaji, abin da ka bayyana a ƙarshe laifi ne a dokar, in mai ƙarfi a kasuwa ne ya yi shi. Maganinsa a kai ƙararsa. In ƙungiya ta yanke wa kowa farashi don ta kare ƙananan 'yan kasuwa, matar da ta zo awon kwano biyu ita za ta biya kuɗin kariyar, kuma ba a tambaye ta ba. Sasanci da bin bashi da tsare mudu kuwa babu mai hana ku.

Malam Nasiru: Bismillah. Ina jin daɗin wannan muhawara, kuma ina so 'yarmu ta san cewa ba baƙon ilimi za ta karanta ba. A Sahihu Muslim Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu mai ɓoye kaya sai mai laifi. Malamai sun fayyace cewa wanda ake nufi shi ne mai tattare abin da mutane ke buƙata a lokacin ƙunci don ya yi tsada, wanda ya ajiye lokacin wadata bai shiga ciki ba, don haka Alhaji ya kwantar da hankalinsa. An hana tarbar fatake a hanya kafin su iso kasuwa su san farashi. An hana mutum ya ƙara wa kaya kuɗi ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi wani. A ɗaya gefen kuma, da aka roƙi Annabi ya yanke farashi a Madina lokacin tsada, bai yi ba, ya ce Allah ne mai sanya farashi.

Sannan a Muwaɗɗa akwai labarin Sayyidina Umar da ya wuce Haɗib ɗan Abi Balta'a yana sayar da zabibi a kasuwa, ya ce masa ko ya ƙara farashi ko ya tashi daga kasuwar. Malamai sun daɗe suna tattauna wannan, kuma shi ne dai batun da Alhaji da Dakta suke ja a kai yanzu. Ibn Taimiyya ma ya kawo cewa Abu Hanifa da almajiransa sun hana masu sana'ar rabon gidaje da filaye su haɗe su zama ƙungiya ɗaya, saboda in sun haɗe za su tsawwala wa mutane lada. Wadda take karanta shari'ar Musulunci tare da ta zamani, kamar yadda ake yi a jami'o'inmu na Arewa, tana da abin faɗa da ɗalibin Landan ba shi da shi.

Sadiƙ: Malam, to ai ni abin da nake so kenan, hukuma ta yanke farashi kowa ya huta.

Barista Rabi'u: Sashe na 88 ya ba shugaban ƙasa ne wannan ikon, a kan wasu kayayyaki kuma da sharuɗɗa. A shari'ar MultiChoice ta 2025, kan ƙarin kuɗin DStv, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce hukumar ba ta da hurumin yanke farashi in ba shugaban ƙasa ya ba ta ba. Kuma Sadiƙ, ka tambayi iyayenka yadda waya take a zamanin NITEL, kamfanin wayar gwamnati. Layukan ƙasar nan gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba. Aka ba da lasisin wayar salula a 2001, MTN da Econet suna cajin minti cikakke ko da daƙiƙa goma ka yi. Da Glo ta shigo a 2003 da cajin daƙiƙa-daƙiƙa, nan da nan sauran suka bi, kuɗin layi ya rushe. Babu jami'in da ya yanke wannan farashin, shigowar mutum ɗaya ce ta jawo shi.

Isufu Maraɗi: Sannunku da hira. Ni a Yamai nake karatun shari'a. Wajenmu abin ya sha bamban, domin tun 2002 UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, ta fitar da ƙa'idojin gasa, kuma ikon hukunta haɗa baki da danniya yana hannun hukumarta da ke Wagadugu. Tsarin kusan kwafin na Tarayyar Turai ne, shi ya sa malamanmu suke sa mu karanta sashe na 101 da na 102 na yarjejeniyar Turai, masu magana kan haɗa baki da danniya. Ku yi tunani, ɗan kasuwar Maraɗi da aka danne a cinikin albasa ko wake, ƙararsa sai ta je wata ƙasa. Ita kuwa CEDEAO, wato ECOWAS, hukumar gasarta tana Banjul, amma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Kayan da ke bi ta Jibiya da Ɗan Isa kullum, in an haɗa baki a kansu gefe biyu na iyaka, wa ke da hurumi? Ni a kan wannan nake son yin nawa binciken. 'Yar'uwa Hauwa'u, in kin ɗauki fannin mu riƙa musayar takardu.

Hauwa'u: Da farin ciki, Malam Isufu. Barista, wata tambaya. Tunda masu haɗa baki ba a fili suke yi ba, ta yaya ake kama su?

Barista Rabi'u: Yawanci ɗaya daga cikinsu ne yake tona asiri. Ana yi wa wanda ya fara kai kansa da hujjoji afuwa ko sassauci, sauran su sha tara, don haka kowa a cikinsu yana kwana da tsoron kada ɗan'uwansa ya riga shi. Hukumarmu ta fitar da irin waɗannan ƙa'idojin a 2022. Ki karanta shari'ar burodi ta Afirka ta Kudu, ta fi kusa da rayuwarmu. A ƙarshen 2006 manyan gidajen burodi a yankin Kef suka ƙara farashi lokaci guda, masu rarraba burodi suka kai ƙara. Premier ta ba da haɗin kai aka yi mata afuwa, Tiger Brands ta biya kusan rand miliyan 99 a 2007, Pioneer Foods da ta tsaya jayayya aka ci ta rand miliyan 195 a 2010. A ƙasar dai, a 2013, kamfanonin gine-gine 15 suka biya kusan rand biliyan ɗaya da rabi kan maguɗin kwangiloli, har da na filayen Gasar Cin Kofin Duniya ta 2010. A Turai masu ƙera manyan motoci sun shekara 14 suna haɗa baki, MAN ta fallasa ta tsira, sauran suka biya kusan yuro biliyan 3 a 2016.

Tarihin Amurka ma dole ki bi ta kansa, daga dokar Sherman ta 1890 mai hana babakere, zuwa raba Standard Oil, kamfanin man fetur na attajiri Rockefeller, gida 34 a 1911, har hukuncin Agustan 2024 da ya ce Google ta yi babakere a harkar bincike a intanet. Amma kada ki cika bincikenki da su. Malamai sun gaji da karanta tarihin Rockefeller daga ɗaliban da ba su taɓa tambayar mai shagon unguwarsu daga ina yake saro sukari ba.

Maganar aiki kuwa, ba zan ruɗe ki ba. In a Kano ko Katsina za ki buɗe ofis, filaye da gado da bashi su za su riƙe ki a shekarun farko. Aikin gasa yana wajen hukumar kanta, da manyan ofisoshin lauyoyi masu kula da haɗewar kamfanoni, da hukumomi irin su NCC ta sadarwa da NERC ta lantarki, da sashen shari'a na kamfanoni. Bankuna kuma dokar bankuna ta 2020 ta mayar da batun gasarsu hannun Babban Banki. In kina son digiri na biyu a nahiyar nan, Jami'ar Johannesburg tana da cibiya ta musamman a kan gasa.

Sadiƙ: Har yanzu dai ban gamsu ba a kan siminti. Amma na yarda ba ƙaramin fanni ba ne.

Hauwa'u: Ina ganin zan tsuke batun ya koma ƙungiyoyin kasuwar hatsi da sashe na 59, in haɗa da abin da Malam Nasiru ya kawo. Baba Alhaji, in na zo Dawanau za a yarda a yi magana da ni?

Alhaji Ɗanjuma: Ki zo da takarda daga makarantarku, ki fara gaida shugabannin kasuwa kafin ki shiga kowace rumfa. Zan haɗa ki da mutane, da sharaɗin ba za ki rubuta sunan kowa ba, kuma ki rubuta har da kuɗin mota da na dako da harajin hanya da muke biya, kada ki tsaya a farashi kawai.

Dakta Zainab: Sharaɗin Alhaji daidai ne, binciken ma sai da waɗannan alƙaluman zai tsaya. Kuma kada ki tambayi kowa ko suna yanke farashi, za a ce miki a'a a rufe bakin. Ki tambayi wa yake da izinin sauke kaya, nawa ake biya kafin a shiga ƙungiya, me ake yi wa wanda ya sayar ƙasa da na maƙwabcinsa, kuma da wane lokaci farashin ranar yake fitowa, daga bakin wa. Ki je ranar da kaya suka cika kasuwa, ki sake komawa lokacin da suka yi ƙaranci. Ki turo min tambayoyin in duba kafin ki kai wa mai duba aikinki.